Dutsen da ƙanena ya kawo daga Manso, wa ya zuba zinariya a cikin farin dutse?

Direban Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina neman wanda ya san harkar dutse. Ƙanena ya yi wata uku a wajen Manso yana bin masu galamse, wato masu haƙar zinariya ta bayan fage, jiya da dare ya dawo da wani dutse a leda, fari ne kamar gishirin Ada amma da baƙin layi layi a jikinsa, ga wasu ƙwayoyi suna ƙyalli, wasu ruwan ɗorawa wasu kamar azurfa. Wai an buɗe sabon rami an taɓo jijiyar zinariya, yana so in sayar da pragya ta, keke mai ƙafa uku da nake haya da shi, in ba shi ya sayi kaso. Pragyar nan ita ke ciyar da mu har da Mma da maganinta. Wallahi ban runtsa ba ina ta juya dutsen nan a hannu. Tambayata biyu ce, abin nan mai ƙyalli zinariya ce ko a'a, sannan ta yaya ma ƙarfe ya shiga cikin dutse rufaffe wanda ba ƙofa ba taga?

Maƙerin Asawase: Wa alaikumus salam. Ɗana kar ka sayar da ko taya tukuna. Na haura shekara talatin gaban wuta kuma irin dutsen nan an kawo min ya fi a ƙirga. Ka samu allura ka danna ƙwaya ɗaya. Zinariya taushi gare ta, allura za ta shige ta bar rami, in ka buga ta da guduma sai ta baje ta zama faifai, ba ta fashewa. In ta farfashe ta zama gari ba ita ba ce. Ka kuma goga a bayan tayil inda ba santsi, zinariya rawaya za ta bari, wancan kuwa baƙin layi ne mai ɗan kore. Kuma ka duba siffa, in ka ga ƙwayar tana da kusurwa tsaf kamar sukarin kwali to ba zinariya ba ce, ita ba ta cika yin wannan kwalliyar ba.

Ɗan Sawaba: Yaya direba ni dai na yi aikin nan shekara biyu, abin da na sani zinariya ba ta mutum ba ce, tafiya take yi. Yau ka ga jijiya gobe ka haƙa ka tarar ta gudu. Kuma ramin da aka bari shekara goma ka koma ka wanke ƙasarsa sai ka samu, da idona na gani, ke nan haihuwa take yi a ƙasa. In rabonka ne ka shiga kawai.

'Yar Tarkwa: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ilimin duwatsu na karanta a jami'ar ma'adinai ta Tarkwa kuma shi nake yi yanzu, bari in sa baki. Gwajin da Baba maƙeri ya faɗa daidai ne ɗari bisa ɗari. Mai ruwan ɗorawa mai kusurwa sunansa fairait, ƙarfe ne da farar wuta suka haɗu. Mai kamar azurfa ɗin nan shi ya fi jan hankalina amma zan dawo kansa. Tambaya ta biyu ita ce mai daɗi. Yaya, ruwa ne ya kai ta. Farin dutsen ma da kake riƙe da shi, kwaz, ruwa ne ya kawo shi ya ajiye a cikin tsaga. Lokacin da abin ya faru wurin ba rufaffe ba ne, tsaga ce a buɗe ruwan zafi yana bi ta ciki, daga baya ta toshe da abin da ruwan ya zubar, kamar yadda bututun famfo ke toshewa ko gindin butar shayi ya yi farin ɓawo.

Maƙerin Asawase: 'Yata a nan zan tsaya miki. Ni da hannuna nake ɗiga asid a kan zinariya ba ya cin ta, tagulla ce ke tafasa ta yi kore. Sai an haɗa asid iri biyu kafin ta narke. A wuta kuwa sai na zuga har ta wuce digiri dubu. Abin da asid ya kasa shi ne ruwa zai iya? Ruwan da muke alwala da shi?

'Yar Tarkwa: Baba gaskiyarku, a digiri 1064 take narkewa kuma ruwan alwala ko shekara dubu zobe ya yi a ciki ba abin da zai same shi. Amma ruwan da nake magana ba irin namu ba ne. Yana can ƙasa kilomita da yawa, zafinsa wajen digiri 300 zuwa 400, kuma bai zama tururi ya gudu ba saboda nauyin dutsen da ke kansa ya danne shi, irin tukunyar nan mai murfin ƙulle da ake dafa ganda. Sannan ba shi kaɗai ba ne, akwai iskar nan da ke cikin lemon kwalba a cikinsa da yawa, akwai kuma farar wuta. To farar wutar ce sirrin. A wannan zafin tana kama zinariya ƙwaya ƙwaya wadda ido ba ya gani ta riƙe ta a cikin ruwa kamar uwa ta goya ɗa, duk inda ruwan ya bi da ita ake tafiya. Ba wai da yawa yake ɗauka ba, in kuka ɗebi bokiti ɗaya ba za ku ga komai ba, amma ruwan da ya bi ta tsagar ba shi da iyaka kuma ba rana ɗaya ba ne. Ku duba lissafin, dutse na gama gari ko'ina a duniya akwai zinariya a cikinsa amma miligiram kaɗan ne a tan guda, ba ta da amfani ga kowa. Dutsen da kamfani zai haƙa ya ci riba giram kaɗan ne a tan. Ke nan aikin da ruwan ya yi shi ne tattarawa, ya bi duwatsu masu faɗin gaske ya tsince ɗan abin da ke cikinsu ya kai wuri ɗaya ya ninka shi sau dubu ko fiye.

Hajiya mai waakye: Ikon Allah. Ni abin da ban gane ba 'yata, ina ruwa ya samu hanya har can ƙasa, na sama ne ya tsiyaya?

'Yar Tarkwa: Mma Hajiya a cikin dutsen kansa yake. Duwatsun da ke ƙarƙashinmu daga nan Kumasi har Obuasi ana kiran su Birimiyan, sunan daga kogin Birim ne, kuma shekarunsu sun haura biliyan 2. Asalinsu aman wuta ne da laka da suka kwanta a ƙarƙashin teku. Laka kuwa ko ta bushe akwai ruwa a ɗaure a jikinta, shi ya sa tukunyar ƙasa sai an gasa ta take zama tukunya, wutar ce ke korar wannan ruwan. To wajen shekara biliyan 2.1 da suka wuce ɓangarorin ƙasa suka matso juna suka murƙushe duwatsun nan suka tura su can ƙasa inda ake zafi, suka gasu, ruwan jikinsu ya fito tare da farar wuta ya nemi hanyar sama. Akwai masanan da ke cewa wani kaso na ruwan daga narkakken dutse ya fito, har yanzu ana muhawara a kai, amma kan cewa ruwan zafi ne ya kawo ta ba saɓani. Hanyar da ya samu kuwa ita ce manyan tsagogin da matsin ya yi. Ku buɗe taswira ku duba Prestea, Bogoso, Obuasi, Konongo, za ku ga a jere suke kamar layin sallah daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Ruwa ba ya tsami banza, babbar karaya ɗaya ce suke zaune a kanta. Bibiani da Chirano su ma nasu layin daban.

Malamin Alabar: Masha Allah. Duk wanda ya karanta suratu Faɗir aya ta 27 ya san an ambaci duwatsu masu zane zane farare da jajaye masu launi daban daban da baƙaƙe ƙirin. Sanin sababi ba ya rage wa mai sababi komai, ƙara tsoron Allah ma yake yi. Ci gaba 'yata muna ji.

Tsohon ɗan rami: Ni ban yi boko mai zurfi ba amma na yi shekara 19 ina sauka ƙasa a Obuasi kafin a tsayar da aiki a 2014, abin da yarinyar nan take faɗa na gan shi da fitilar goshi. Can ƙasa dutsen baƙi ne, in ka shafa hannunka zai yi baƙi yana sheƙi kamar ka goga bakin fensir, kuma wurin da ya fi wannan baƙin shi muka fi tsoro don santsi gare shi ba ya riƙe kansa. Sai ka ga farar jijiya ta ratsa ta cikinsa, wani wuri ta yi faɗin ɗaki wani wuri ta tsuke kamar tafin hannu ta ɓace, ka ci gaba mita ashirin ta sake buɗewa. Ɗan Sawaba wannan ne gudun da kake cewa, ba guduwa ta yi ba haka aka halicce ta, kamar hanjin rago wani wuri kumburi wani wuri tsukewa. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne masu duba dutse in sun zo da fentinsu ba farar jijiyar kaɗai suke shafawa ba, har dutsen gefenta wanda ya koɗe ya yi toka toka, cike da wasu ƙananan allurai masu ƙyalli. Mu muna ganin ba komai a ciki su kuma suna cewa a kwashe, wai in alluran sun fi siriri kuɗin ya fi yawa.

'Yar Tarkwa: Kawu Allah ya saka da alheri, kun kawo mu inda gizo ke saƙa. Wannan koɗewar ita ce shaidar ruwan ya ci dutsen. Ruwan ba a tsaga kaɗai ya tsaya ba, ya jiƙa bangon hagu da dama ya canza shi, ya kwashe wasu abubuwa ya zuba wasu, dutse mai duhu ya koma fari fari saboda iskar da na faɗa ta haɗu da ƙarfe da alli na jikinsa ta yi sabon ma'adini. Mu in muna neman zinariya wannan canjin launin muke fara bi don ya fi jijiyar faɗi nesa ba kusa ba. Sannan ga yadda zinariyar ke sauka. Na ce farar wuta ce ta goyo ta, to farar wuta ta fi son ƙarfe a kan zinariya. Da ruwan ya tarar da dutse mai ƙarfe sai ta saki goyon ta kama ƙarfen ta zama fairait, zinariya ta rasa mai riƙe ta ta zauna nan. Shi ya sa ake yawan ganinsu tare. Wata hanyar kuma girgizar ƙasa ce, tsaga ta buɗe farat ɗaya matsi ya faɗi, ruwan ya yi kamar an buɗe kwalbar lemo da aka girgiza, iska ta fice, kwaz da zinariya su zube. Ta toshe, matsi ya sake taruwa, ta sake fashewa, haka sau ba adadi. Yaya direba baƙin layi layin da ka gani a dutsenka sau da yawa ɓallin bango ne da ake yagowa duk lokacin da tsagar ta sake buɗewa, kowane layi buɗewa ɗaya. Alluran da Kawu ya faɗa kuwa sunansu asenofairait, ƙarfe da farar wuta da gubar asenik, kuma ina zaton su ne masu kamar azurfa a dutsenka.

Ɗan Sawaba: To anti ai kin gama magana, kin ce inda suke nan zinariya take. Yaya ka ji ko, dutsen mai kyau ne.

'Yar Tarkwa: A'a ƙanena dakata, ban ce haka ba. Na farko akwai farin dutse da fairait a wurare dubu da ba ko ƙwayar zinariya, don ba kowane ruwa ne ya ɗauko ta ba. Na biyu kuma shi ya fi muhimmanci, ko tana ciki, zinariyar da ke cikin asenofairait a kulle take, ƙanƙantarta ta kai ko madubin duba ƙwayoyin cuta na gama gari ba ya nuna ta. Ka daka ka niƙa ka zuba zaiba, zaibar ba za ta kama ta ba don ba ta taɓa ta ba ma. Da can gasa dutsen ake yi hayaƙin asenik ya tashi ya sauka kan gari da gonaki. A Obuasi tun 1994 aka kafa manyan tankuna a Sansu inda ake kiwon wasu ƙwayoyin bakteriya su cinye farar wutar su buɗe makullin kafin a cire zinariyar. Ka gaya min wane ramin galamse ne yake da wannan? Mai rami zai iya rantsuwa akwai zinariya kuma bai yi ƙarya ba, amma ba mai fita da kayan aikinsa ba ce.

Maƙerin Asawase: Yanzu na gane wani abu. Akwai yaran da ke kawo min ƙwallon zaiba da zinariya da suka ƙona ɗan mitsitsi suna kuka wai buhu goma suka niƙa, suna zargin junansu da sata har abota ta ɓaci. Ashe wataƙila ba wanda ya saci komai.

Ɗan Sawaba: Amma maganar tsohon rami fa, wannan ba labari aka ba ni ba.

'Yar Tarkwa: Na yarda ka gani, ba musu. Ga dalili. Masu wankin farko ba sa kama duka, garin zinariya mai laushi da yawa yana bin ruwa ya wuce bargon da suke shimfiɗawa don ya kama shi. Sannan fairait ɗin da aka fito da shi sarari ruwan sama da iska suna cin sa ya yi tsatsa ya ruɓe a 'yan shekaru, abin da ke kulle ya fito. Ga ambaliya tana kwaso sabon yashi tana tara mai nauyi a lungu, don zinariya ta ninka ruwa nauyi sau 19 shi kuwa yashi bai kai sau 3 ba. Duk tsohuwa ce ta bayyana. Wannan tsatsar ma ita ta sa saman rami yake da daɗin aiki, jar ƙasa mai laushi zinariya a sake, da an nutsa an wuce inda ruwan sama ya ci sai a tarar da dutse mai tauri mai ƙyalli kuma samu ya ragu. Dutsen da aka kawo wa Yaya direba sabo ne fil bai yi tsatsa ba, wannan yana nuna min ramin ya riga ya wuce wurin daɗin, ina jin tsoron shi ya sa ake neman sabon mai zuba kuɗi. A New Zealand inda ake haƙa rijiyoyin tururi don lantarki an samu zinariya ta taru a cikin bututu, can ruwan yana aiki har yau. Namu murhun ya mutu tun shekara biliyan 2.

Jikan mai kuza: Kakana daga Jos ya zo Kumasi, a haƙar kuza ya yi ƙuruciyarsa. Ita ma kuzar haka take anti?

'Yar Tarkwa: Kusa amma ita daga narkakken dutse ne kai tsaye. Dutsen giranit yana sanyi a hankali a ƙarƙashin ƙasa, abin da ya ƙi shiga sauran ma'adinai yana taruwa a ruwan ƙarshe kamar gishiri a ƙasan miya in ta tsotse, wannan ragowar ce ta ci saman dutsen ta ajiye kuza. Na Jos yara ne a kan namu, ba su kai shekara miliyan 200 ba. Litiyom ɗin da ake yin batir da shi, wanda aka samu a Ewoyaa kusa da Mankessim shi ma ragowar narkakken dutse ne. Tarkwa kuwa daban take gaba ɗaya, tsohuwar tsakuwar kogi ce ta daskare kamar kankare da zinariya a tsakanin tsakuwar, wato wankin da 'yan galamse ke yi koguna sun riga su yi. Boksait na Awaso kuma, wanda ake cire alminiyom daga cikinsa, ruwan sama ne ya wanke komai ya bar shi a sama, dangin marmara ne.

Hajiya mai waakye: Ni dai tunda na ji guba hankalina ya tashi. Direba ina dutsen yake yanzu, kar dai yara na wasa da shi. Mun ji abin da ya faru a Zamfara.

Tsohon ɗan rami: Hajiya ta yi gaskiya. 2010 ne, dutsen zinariyarsu akwai dalma a ciki, ana kawo shi gida ana daka a turmi ana niƙa a tsakar gida, ƙurar ta shiga abinci da hannun yara, yara sama da 400 suka rasu a yankin Anka da Bukkuyum. Ruwan da ya kawo zinariya ba ita kaɗai yake kawowa ba. Kuma ƙurar farin dutsen nan kanta tana cin huhu, abokan aikina nawa suke tari har yau.

Direban Aboabo: Na dawo. Na kai shi bayan gida na yi yadda Baba ya ce. Allura ba ta shiga ba sai zamewa take. Na sa guduma, mai ruwan ɗorawar ta tarwatse ta zama gari har da ɗan tartsatsi, a tayil baƙin layi ta yi. Da na bugi mai kamar azurfar kuwa wani wari ya taso kamar an daka tafarnuwa. Ƙanena yana tsaye yana kallo bai ce komai ba, ya dai ce mai ramin ya nuna musu zinariya a tasa ranar da suka je.

'Yar Tarkwa: Warin tafarnuwar nan asenik ne, ya tabbata. Yaya ka wanke hannu da sabulu yanzu kafin ka taɓa abinci, ka zuba ruwa a garin ka kwashe da tsumma ka ƙulle a leda, kar a share da tsintsiya, gudumar ma a wanke, kuma kar wanda ya sa shi a wuta don ya gwada. Kar ka yi wa ƙanenmu faɗa, dutsen da ya ɗauko irin wanda mu ma za mu tsaya mu duba ne, idonsa yana da kyau. In yana son ya san gaskiyar ramin hanya ɗaya ce, awo a ɗakin gwaji, akwai su a Tarkwa, za su faɗi giram nawa ne a tan kuma a tambaye su nawa ne a sake nawa ne a kulle. Amma ba dutse ɗaya da mai rami ya zaɓa ya miƙo ba, shi da kansa zai sauka ya sassaro daga bango zuwa bango a wuri uku ko huɗu, mai kyau da marar kyau duka a haɗa. Ya kuma nemi ganin takardar lasisin wurin da idonsa. Kuɗin awon bai kama ƙafar kuɗin pragya ba.

Maƙerin Asawase: Ka turo min yaron ranar Juma'a bayan an sauko, ya zo da sauran dutsen a ƙulle. Ina da ɗan guntun farin dutse mai zinariya ta gaske a ciki da na ajiye tun tuni, zan ba shi allura ya danna wannan ya danna wancan da hannunsa.

Direban Aboabo: To Baba, in sha Allahu tare za mu zo. Anti in mai ramin ya hana shi sassaro dutsen da kansa fa?

'Yar Tarkwa: Ya dawo gida kawai Yaya. In kuma ya bari, a sa kowane wuri a ledarsa daban a rubuta zurfinsa a jiki, ranar Asabar zan shigo Kumasi ganin Mma ta, sai mu haɗu a Kejetia in karɓa in tafi da su.